Gurbin Suna

Daren jiya a bakin dajin Burra
na ɗaure farin zane tsakanin doka biyu,
na kunna fitila mai batir,
na zauna bisa jarka ina jiran baƙi
kamar wanda ya share ƙofar gida tun safiya.

Suka zo. Ƙanana masu launin toka,
manya masu idanun ƙarya a fiffike,
wasu na dukan zanen kamar masu bin bashi.
Duk faɗa-wuta ne a bakin mutanen gari.
Ni ɗaya nake nema a cikin taron,
fara kamar kindirmo, da zanen ƙasa-ƙasa,
uwar tsutsar da ke saƙa tsamiya.

Dakta Bappah ya ba ni takarda mai gida-gida.
Nan aji, nan dangi, nan jinsi,
nan sunan da aka raɗa mata a wata ƙasa
ba rago, ba goro, ba wanzami.
Anafe, in ji shi, amma kar ka yi garaje,
'yan ɗakinsu kama gare su kamar ƙwayar gero,
sai ka ƙirga jijiyar fiffike a ƙarƙashin gilashi
kafin ka rantse ka faɗi gaskiya.

Kakata Tabawa ba ta san aji ba.
Da ɗan yatsa take yanke hukunci.
Ta murza, ta ce wannan doka ta ci, gautsi gare ta,
ta murza, ta ce wannan ta yi kiwo a gari.
Gidan tsutsar kamar jakar mafarauci,
ɗaruruwa a ciki, kowa da ɗakinta,
ta dafa shi a ruwan toka har hannu ya yi kanta,
ta ja, ta kaɗa mazari,
ranar kasuwa ta ƙulle shi a ƙwarya.

Masu ɗinkin Bauchi suka yi aska da zarenta
a ƙirjin rigunan mutanen da ba su san Burra ba.
Da kuɗin ta sayi akuya,
akuya ta sayi littafin babana,
ga ni nan, jikan tsutsa, riƙe da kwalbar guba.
In na tuna sai in yi dariya.

A ofis akwai taswira.
Ɗigo-ɗigo ja daga nan har kudu, har ƙetaren iyaka,
ko'ina aka taɓa kama ta an sa mata shaida.
Taswira ba ta ƙirga buhunan gawayi
da ke jere a bakin titin Ningi.
Ɗigon da na bi shekaranjiya
na same shi gonar masara,
kututture uku, da wata busasshiyar rijiya.

Na tambayi Ɗan'asabe mai zuma.
Ya ce da can kai kake sunkuyarwa don gidajensu,
yanzu sai ka wuce rafi, ka wuce dutse,
ka yi tafiyar da takalmi zai yi ƙorafi.
Ya ce, kai da ka yi boko, faɗa mini,
ƙaura ta yi ko ƙarewa?
Na duba takarda, babu gurbin wannan tambaya.

Gab da asuba, batir ya fara lumshe ido,
sai ga ta a gefen zane, can ƙasa,
inda raɓa ta jiƙa shi.
Ba ta daki fitila ba. Ta zauna kawai,
ta naɗe fiffike kamar baƙuwa mai kunya.

Na ɗau hoto, na auna, na sake aunawa.
Kwalbar na nan a aljihu, ban taɓa murfin ba.
Dakta zai yi faɗa, na sani,
hoto ba ya nuna jijiya.

Na rubuta: ɗaya. Burra. Watan Satumba.
A ƙasa akwai ɗan layi, wai sunan gida in akwai.
Na fara sa Tabawa, na tsaya,
na bar shi haka, ban goge ba.
Da na ɗago kai zanen ya koma fari fat,
sai ɗan garin fiffike a kan igiya.